Wutsiyar Aro: Ina Iyakar Sajewar Baƙo?

Masu iya magana sun ce, in ka je gari ka tarar kowa da wutsiya, kai ma nemi taka ka ɗaura. Su ɗin ne kuma suka ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. To, wanne za mu bi idan ƙafa ta kai mu birnin da ba namu ba? Mu saje har mu ɓace, ko mu ƙeƙashe har a gaji da mu?

Ba sai mun haye teku kafin tambayar ta iske mu ba. Mutumin Chaza a Suleja yakan yi sammako ya shiga motar Abuja, ya wuce Dutsen Zuma, kafin hantsi ya sauka a wata duniyar. A unguwarsu kunya ce ka wuce dattijo ba ka durƙusa ba. A can kuwa maƙwabci zai shekara bai san sunan maƙwabcinsa ba. Abin mamakin, sunan birnin ma na garinsu ne. Abu Ja ne ya kafa Abuja ta asali a 1828, bayan jihadi ya fitar da sarautar Haɓe daga Zazzau. Da aka zaɓi yankin sabon babban birnin tarayya a 1976, sai aka karɓi sunan, tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Wato mutum na iya zama baƙo har a birnin da ya ari sunan garinsu.

Kuskurenmu na farko a garin mutane shi ne kallo ba tare da gani ba. Mukan tsaya gaban Zuma mu ɗauki hoto mu wuce. Mukan ga matan Gbagyi sun ɗora itace a kafaɗa maimakon ka, sai mu yi murmushin raini, mu manta cewa namu ɗaukar a ka baƙon abu ne a idonsu. Mai kallo yana auna kowa da mudun gidansu, mai gani kuwa tambaya yake yi. Haka wanda ya sauka Landan zai tarar motoci suna bin hannun hagu, kamar yadda muke yi kafin 1972. In ya ce lallai sai ya duba titi yadda ya saba a gida, ransa ya jefa cikin haɗari. Irin wannan wutsiyar, ɗaura ta hankali ne kuma ladabi ne, domin ba ta taɓa mutuncin kowa ba.

Sai dai akwai sajewar da ke da tsada, kuma Suleja ta ba mu misalinta. A 1954 Ladi Kwali, maginiyar tukwane 'yar Gbagyi, ta zama mace ta farko da ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Baturen Ingila Michael Cardew ya buɗe a garin. Ta koyi aiki da na'urar juya yumɓu, amma ba ta daina gina tulu da hannu ba, ba ta kuma daina zana masa ƙadangare da kada da kunama ba. Da ta je Ingila a farkon shekarun 1960, da Amurka a 1972, abin da ta koya tun tana yarinya a Kwali shi ta nuna, shi kuma ya sa aka taru kallonta. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa, daga baya aka sa hotonta a takardar naira 20.

Duk da haka mu dubi tulun kansa. Tulun gargajiya yana tsattsafo, kuma tsattsafon ne ke sanyaya ruwa. Da aka shafe shi da shafe mai ƙyalli, aka gasa shi da wuta mai tsananin zafi, sai ya yi kyau, ya yi nauyi, ƙofofinsa suka toshe. Ya sami gurbi a ɗakunan baje kolin Turai, amma ya daina aikin da aka san tulu da shi. Wani zai ce ai riba ce, tun da duniya ta san Kwali ta dalilinsa. Gaskiya ne, sai dai ribar ba kyauta ta zo ba, kuma wajibi ne mai biya ya san abin da ya bayar.

Ma'aunin da muke ganin ya dace ke nan. Mu karɓi layin garin mutane, da lokacinsu, da abincinsu in ya halatta, da gajeriyar gaisuwarsu, ba tare da ƙorafi ba. Amma kafin mu yar da wata ɗabi'a tamu, mu tambayi kanmu: ado ce, ko ita ce ke sanyaya ruwanmu? Girmama na gaba, da riƙon amana, da tausayin maƙwabci ba wutsiyoyi ba ne da za a kwance a tasha. Ɗalibin da ya dawo Chaza daga nesa yana jin nauyin durƙusa wa mahaifiyarsa, ya yi ƙyalli, amma mai ƙishirwa ba zai ƙaru da shi ba.

Allah ya sa mu je mu gani, mu kuma dawo gida ya gane mu.