Shaidar wanda bai gani ba

Akwai daɗin da ba a samu sai a littafin da ya tara maƙalu a kan littattafai da marubuta. Kamar zaman zaure ne bayan la'asar: ka saurari masani yana yabon wannan, yana caccakar wancan, ka tashi lokacin da ka ga dama. Haka na ji da Hopes and Impediments na Chinua Achebe, wanda ya fito a 1988, musamman laccarsa ta 1975 inda ya tuhumi Joseph Conrad da wariyar launin fata a Heart of Darkness.

Sai dai daɗin yana da tarko. Na yi shekaru ina maimaita wa ɗalibaina hukuncin Achebe, alhali ban taɓa riƙe littafin Conrad ba, don a garinmu ba ya samuwa. Wannan ilimi ne, ko shaidar zur? Shi ya karanta kafin ya yanke hukunci; ni kuwa fushinsa na ara, kamar rigar salla.

Da na samu fassarar Faransanci a Yamai, na tarar galibin tuhumarsa gaskiya ce. Kunya dai ba ta sake ni ba, domin yaran nan sun bar ajina suna zaton da idona na gani.