Siyasa da Kunya

A ma'aunin Bahaushe, mutumin kirki shi ne mai gaskiya da amana da haƙuri da karamci da kunya. Abin tambaya shi ne: cikin waɗannan halaye, wanne ne siyasa take ɗaukakawa, wanne ne kuma take kayarwa?

Haƙuri da karamci suna da kasuwa a fagen siyasa. Wanda bai iya jure zagi da faɗuwa a zaɓe ba ya daɗewa. Mahamadu Isufu ya nemi shugabancin ƙasa tun 1993, bai samu ba sai a 2011. Wanda ƙofar gidansa take rufe kuwa, ko kansila ba ya zama. Kunya ita ce matsala, domin ita ke hana mutum ya yabi yau wanda ya tsine wa jiya.

Tarihinmu shaida ne. A 1993 ƙawancen AFC ya haɗa CDS da PNDS da ANDP, suka kayar da Tanja Mamadu na MNSD, Mahaman Usmane ya hau mulki. A Satumba 1994 Isufu ya ajiye muƙamin firaminista, jam'iyyarsa ta haɗa kai da MNSD. Zaman doya da manja da ya biyo baya ya ƙare da juyin mulkin Janairu 1996. A 1999 Usmane ya goyi bayan Tanja. A 2011 Hama Amadu ya mara wa Isufu baya, a 2016 kuma ya yi takara da shi daga gidan kaso na Filinge.

Mai kare ƴan siyasa zai ce wannan sassauci ne, kuma ƙasar da jam'iyya guda ba ta cika samun rinjaye ba dole ta rayu da ƙawance. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya: shugaba mai riƙo, wanda ba ya yafe wa abokin hamayya, haɗari ne ga zaman lafiya. Sai dai sulhu iri biyu ne. Akwai wanda mai yinsa yake tsayawa gaban waɗanda suka zaɓe shi ya faɗi abin da ya sauya da dalilinsa. Akwai kuma wanda ake ƙullawa cikin dare kan rabon kujerun minista, da safe a umurci magoya baya su sauya taken da suke rerawa. Na farko yana buƙatar kunya, na biyu yana buƙatar rashinta.

Kuma wa yake biyan ladan? Mu ne. Ɗan takarar da ya raba atamfa da sukari muna kiransa mai kirki. Wanda ya ƙi yin alkawarin da ya san ba zai cika ba muna ce masa mai girman kai. Muddin masu jefa ƙuri'a ba su tambayi mutum maganarsa ta bara ba, mai kunya zai ci gaba da zama a gida, marar ita kuma a majalisa.