In Ungozomarmu Ta Tafi Ingila, Wa Ke Bin Wa Bashi?

Daga Ikara zuwa Makarfi zuwa Hunkuyi, gidan da ke da 'ya mai aikin jinya ko ungozoma gida ne da ake ganin ya dace. Ita ake buga wa waya in jikin yaro ya yi zafi cikin dare, ita ke raka matan dangi awo, ita ke karanta wa tsoho takardar likita. A 'yan shekarun nan an ƙara mata wani nauyin, wato ta samu hanyar fita waje. In ta samu ta Ingila ko Saudiyya sai mu yi walima, mu ce Allah ya yanke wa gidan wahala. Mu ɗin ne kuma, ranar da muka kai mai naƙuda asibiti ƙarfe biyun dare muka tarar da ma'aikaciya ɗaya tana fama da mata huɗu, za mu ce ma'aikatan yanzu ba su da kishin ƙasa. Baki ɗaya ke furta maganganun nan biyu, kuma ya kamata mu zauna mu ga wacce za mu riƙe.

Kafin a kai ga hukunci, gara a san hanyar, don da yawanmu mun ɗauka biza kawai ake bugawa a hau jirgi. Mai son aiki a Birtaniya sai ta yi rajista da hukumar jinya da ungozoma ta can, wadda ake kira NMC. Za ta fara da jarrabawar Turanci, IELTS ko OET. A IELTS ana neman maki 7 a sauraro da karatu da magana, 6.5 a rubutu, kuma nan ne da yawa ke maƙalewa, duk da cewa da Turancin suka yi karatu tun firamare. Daga nan sai jarrabawar kwamfuta da ake yi tun a gida Najeriya, ɓangare ɗaya na lissafin magani, ɗaya na ilimin aiki. Hukumarmu ta nan, NMCN, ita za ta tabbatar wa ta can cewa lasisin na gaske ne kuma babu laifi a kan mai shi. Ga takardar 'yan sanda, ga ta lafiya. In ta isa can da sauran jarrabawar aiki da hannu, OSCE, mai zango goma, inda za ta nuna yadda take duba majinyaci da ba da magani a gaban masu sa ido. Sai ta haye wannan za a ba ta lambar rajista. Amurka da jarrabawarta NCLEX, Saudiyya da tata tantancewar takardu da jarrabawar Prometric.

Ba sa wasa da wannan shinge. A 2023 hukumar ta Birtaniya ta soke sakamakon duk waɗanda suka yi jarrabawar kwamfuta a wata cibiya da ke Ibadan, mutum sama da 1,900, bayan an lura da cewa wasu na gama jarrabawar cikin lokacin da hankali ba zai ɗauka ba. Masu laifi da marasa laifi duka abin ya shafa, aka ce a sake zama. Ba mu ga laifinsu ba. Majinyacin da ke kwance a Lidis ko Manchesta yana da haƙƙin a tabbatar masa cewa hannun da ke sa masa ruwa ya san aikinsa.

To amma mu da muke rubuta manhaja mun san wani abu game da fom: ba ya tambayar komai sai abin da ya dami wanda ya tsara shi. Fom ɗin nan ya tambayi sunanta, makarantarta, harshenta, halinta, har lafiyar ƙirjinta. Babu gurbin da ya ce, wa zai riƙe ɗakin haihuwar da kika bari?

Wani zai ce ai ma'aikaciyar ƙaramin asibitin Gazara ko Pala ko Likoro ba ita ke tafiya Landan ba, kuma gaskiya ne. Masu tafiya yawanci daga manyan asibitoci suke fitowa, irin na koyarwa da ke Shika ko na cikin Kaduna, inda ake da intanet, da abokan karatu, da albashin da za a iya tsakurar kuɗin jarrabawa a ciki. Sai dai gurbin da suka bari ba ya zama a can. Babban asibiti zai ɗauki sabbi, mai aiki a asibitin ƙaramar hukuma za ta nemi canji zuwa birni, ta ƙauye kuma ta matso hedikwata. Haka gurbin ke gangarowa kamar ruwan sama har ya tsaya inda ba shi da wurin zuwa, a kan matar da ba ta taɓa ganin fasfo ba, wadda jini ya ɓalle mata bayan haihuwa, ko jijjiga ta kama ta, mijinta na neman mai babur. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a 2020 fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka rasu wajen ciki da haihuwa a duniya 'yan Najeriya ne. A farkon 2024 kuma magatakardan NMCN, Faruk Abubakar, ya ce ma'aikatan jinya 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Duk mai cewa tafiyar ba ta cutar da kowa bai haɗa lissafin nan biyu ba.

Saboda haka akwai bashi. Tambayar ita ce a wuyan wa yake.

Amsar da ta fi sauƙi ita ce a ɗora wa mai tafiya, kuma ita hukuma ta gwada. A watan Fabrairun 2024 NMCN ta fitar da sabuwar ƙa'ida: ba za a tantance takardun kowa zuwa waje ba sai ya yi shekara biyu yana aiki bayan samun lasisi, ya kawo takardar shaidar hali daga shugaban wurin aikinsa da makarantar da ya gama, sannan ya jira aƙalla wata shida. Ma'aikatan jinya suka fito zanga-zanga a Abuja da Legas, Majalisar Wakilai ta sa baki. Mun fahimci abin da ya tsorata hukumar, amma hanyar ba ta yi mana ba. Tantancewa shaida ce kawai cewa wance ta yi karatu kuma ta ci jarrabawa. Gaskiya ce da ta riga ta tabbata, kuma riƙe shaida don a tilasta wa mutum zama daidai yake da riƙe wa mai gona takardar gonarsa don kada ya sayar. Ga kuma waɗanda suka gama karatu suna zaune ba a ɗauke su aiki ba. Ina za su samo shekara biyun? Sannan sa hannun shugaban wurin aiki, duk wanda ya taɓa bin fayil a ofis ya san abin da yake nufi a miƙa makomar ƙaramar ma'aikaciya ga alƙalamin mutum ɗaya.

A fiƙihun da muka taso da shi, kula da marasa lafiya na cikin farillan da ke kan al'umma gaba ɗaya, waɗanda in wasu suka tsaya da su an ɗauke wa sauran, in kowa ya bari kowa ya yi laifi. Ba a ce wadda ta fara koyon aikin ita kaɗai za ta ɗauki zunubin gari ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani kuma a kan bashi take, kuma abin da ta koyar shi ne a rubuta shi, a ambaci wa'adinsa, a kafa shaidu. Nan muke ganin mafita. In jiha ko ƙaramar hukuma ta ɗauki nauyin karatun yarinya daga Auchan ko Gimi, ta gaya mata tun ranar farko: za ki yi mana shekara kaza a asibiti kaza, ga albashinki, ga ɗakin kwananki, in kin gama hanya a buɗe take. Wannan bashi ne na halal, kuma wadda ta gudu kafin ta biya ta ci amana, ko da ƙanwarmu ce. Wanda bai halatta ba shi ne bashin da ba a faɗa ba sai mutum ya zo bakin ƙofa, bashin da ba shi da adadi balle ranar ƙarewa, a kan wadda mahaifinta ya sayar da rake da masara ya biya mata kuɗin makaranta.

An taɓa gwada irin wannan yarjejeniya. A 2009 gwamnatin tarayya ta fara shirin tura ungozomomi ƙananan asibitocin karkara, sabbin gamawa da marasa aiki da masu ritaya, bisa sharaɗin tarayya da jiha da ƙaramar hukuma kowa zai kawo nasa kason na alawus da masauki. Ungozomomin sun je. Abin da ya raunana shirin a wurare da yawa shi ne kason jihohi da ƙananan hukumomi da bai riƙa zuwa ba. Kafin mu tambayi wa ya karya alkawari, mu tuna wa ya fara.

Masu karɓa ma da nasu kason. Tun 2010 ƙasashen duniya suka amince da ƙa'idar ɗaukar ma'aikatan lafiya daga waje, kuma jerin 2023 na ƙasashe 55 masu ƙarancin ma'aikata ya haɗa da Najeriya da Nijar. Birtaniya ta sa mu a jerin da ta hana asibitocinta zuwa farautar ma'aikata. Sai dai in ma'aikaciya ta nema da kanta, an yarda a ɗauke ta. Wato ba za su shigo gonarka su yanki rake ba, amma in raken ya kai kansa bakin titi za su loda. A zamanin da tallar aiki ke iso wa kowa a waya, bambancin nan na takarda ne kawai. Ƙasar da ta samu ƙwararriya ba ta kashe ko kwabo wajen horar da ita ba, adalci shi ne ta biya kuɗin horar da wata a inda ta ɗauko ta. Manufar ƙaurar ma'aikatan lafiya da Shugaba Tinubu ya amince da ita a Agustan 2024 ta yi maganar yarjejeniya tsakanin ƙasa da ƙasa. Abin da za mu zuba ido mu gani shi ne ko wani abu daga ciki zai gangaro ƙasa da Abuja.

Mu kanmu ba mu da bakin yi wa kowa gori. Mai rubuta manhaja yana zaune a Zariya yana yi wa kamfanin Jamus aiki, ana biyansa da kuɗin waje, da yamma ya je ɗaurin aure, ba wanda ya ce ya gudu. Basirarsa ta fita, jikinsa na nan. Ungozoma ba ta da wannan gatan, don ba a karɓar haihuwa ta intanet. Kuma Bahaushe bai taɓa ɗaukar fita neman arziki abin kunya ba, daga fataken goro na Gwanja har 'yan ci-rani. Bambancin kawai shi ne ɗan ci-rani yana dawowa da faɗuwar ruwan farko, ita kuwa rajistar can da wuya ta dawo da mai ita.

Akwai kuma waɗanda muhawarar ke tsallakewa. Yawancin ƙananan asibitocin ƙauyukanmu ma'aikatan lafiyar al'umma ne ke riƙe da su, irin waɗanda makarantar kiwon lafiya ta Shehu Idris da ke Makarfi ta daɗe tana yayewa. Takardarsu ba ta cikin waɗanda hukumar Birtaniya ke yi wa rajistar jinya, don haka ba mai zuwa zawarcinsu, ba mai tsoron su tafi. Tun 2014 gwamnati ta amince a miƙa musu wasu ayyukan ungozoma saboda ƙarancin hannu, har da karɓar haihuwar da ba ta zo da matsala ba. Kada mu kira zamansu kishin ƙasa alhali ƙofar ce ba a buɗe musu ba. In da kuɗin da za a karɓo daga waje, ko wanda jiha za ta ware, a kansu ya kamata ya fara sauka: ƙarin horo a kan tsayar da jini da gane alamun jijjiga, wutar sola a ɗakin haihuwa, motar da za ta kai mace Ikara ko Shika kafin asuba, da hanyar ƙarin karatu har su zama cikakkun ungozomomi, ko da hakan na nufin wata rana su ma takardarsu za ta iya haye teku.