Salsalar Wanda Bai Bar Baya Ba

Galibi akan bi salsalar mutum ne saboda wata bukata: neman sarauta, ko rabon gado, ko binciken asali kafin a ba da aure. Littafin Tarihin Kano ma sarakuna ya jero tun daga Bagauda. To, yaron da ya rasu kafin a yaye shi fa, wanda bai haifa ba, bai kuma riƙe muƙami ba, mene ne amfanin bin asalinsa?

Wasu kan ce tuna baya ne kawai, da fama wa uwa miki. Wannan uzuri yana da nauyi, domin al'adarmu ta kunya da kara kan hana iyaye ambaton ɗan da suka binne. Sai dai shirun yana da farashi. Idan uwar ta kau, sunan ya kau tare da ita. Abin da kan rage shi ne laƙabin ƙannensa 'yan wabi, irin su Ajuji da Ayashe da Barmani, waɗanda ke shaida cewa an yi rashi, ba tare da sun faɗi wanda aka rasa ba.

Malaman nasaba ba su bi wannan hanya ba. Sun adana sunan Ibrahim, ɗan Annabi (SAW), da na mahaifiyarsa Mariya, mutuniyar Masar, alhali ya rasu a shekara ta 10 bayan Hijira bai cika shekara 2 ba. Alkunyar Abul Ƙasim kanta daga sunan ɗa ce wanda ya rasu yana ƙarami. Haka kuma a fiƙihun Malikiyya, jaririn da ya faɗo ya yi kuka yana gado, ana kuma gadonsa. Saboda haka wanda ya tsallake sunansa wajen lissafin magada yana iya tauye haƙƙin uwarsa bai sani ba.

A nan ne ake gane niyyar mai bin salsala. Kakan da ya yi suna yana ƙara wa jikokinsa daraja, shi ya sa ba a mantawa da shi. Yaron nan kuwa ba ya da abin da zai saka wa kowa da shi. Rubuta sunansa, da na uwarsa, da garin da aka binne shi, adalci ne tsantsa ga wanda ba zai taɓa iya neman haƙƙinsa ba. Duk wanda tsohuwar gidansu ke raye, ya tambaye ta cikin ladabi tun tana iya tunawa.