Wa Ke Taimakon Wa? Tunani a Kan Sansanin Matasanmu a Karkara

Duk sa'ad da dogon hutun makarantu ya kama a watan Agusta, maganar sansanin matasa takan taso a ikilisiyoyinmu. Shugabannin Ƙungiyar Matasan Katolika, wato CYON, sukan zo da shiri: a tara kuɗi, a ɗauki mota, a tafi ƙauye a yi mako guda ana addu'a, ana koyarwa, ana kuma yi wa jama'a aiki. Iyaye su ba da abin da ya sawwaƙa, Zumuntar Mata ta taimaka da hatsi da kayan miya. Amma akwai wata tambaya da dattawa kan yi a ƙofar majami'a bayan Misa, wadda ta cancanci a amsa ta a fili. Shin wannan tafiya wa take amfana? Mutanen ƙauyen da aka je wa, ko kuwa matasan da suka je suka dawo da hotuna da labari?

Kada mu yi saurin cewa mai wannan tambaya marowaci ne, gama yana da hujja. Ƙasar da ake nufa ita ce kudancin Jihar Kano. In an bi hanyar Zariya aka kai Kwanar Dangora, sai a karkata a nufi Tudun Wada, a ratsa dajin Falgore, a isa Doguwa, inda duwatsun Riruwai suke, wurin da aka daɗe da saninsa da haƙar kuza. A ƙasar Bebeji ne madatsar ruwa ta Tiga take, wadda aka gama a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Mutanen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa manoma ne na gaske, masu shinkafa da masara da dawa, kuma watan Agusta shi ne lokacin da ba su da sukuni ko kaɗan. Ciyawa tana neman cinye gona, ruwa yana zuba, hatsin bara ya yi ƙasa a rumbu, sabo kuwa bai nuna ba. A wannan lokaci ne baƙi arba'in ko hamsin za su sauka. Bahaushe ba ya barin baƙo da yunwa, saboda haka mai gida zai kama kazarsa ya yanka, matarsa ta auno abin da ta ajiye wa yara. Idan baƙin suka tashi, me suka bari? Bishiyoyin da aka dasa awaki su cinye su da rani, domin ba a bar wa kowa amanarsu ba. Farar ƙasar da aka shafa wa bango ruwa ya wanke ta. Mai tambaya zai ce, da kuɗin mota da na abinci aka aika wa katikis, da ya gyara famfon tuƙa-tuƙa ko ya sayi kwanon rufin aji.

Idan lissafin kuɗi kaɗai za a bi, gaskiyarsa ce. Amma Ikilisiya jiki ɗaya ce, kuma jiki ba ya rayuwa in gaɓoɓinsa ba su san juna ba. Dayosis ɗinmu ya haɗa jihohin Kano da Jigawa. Ya fara zaman kansa a 1991, ya zama cikakken dayosis a 1999 a hannun Bishop Patrick Sheehan, kafin a naɗa Bishop John Namaza Niyiring a 2008. A cikinsa akwai ɗan Sabon Gari wanda iyayensa suka zo daga kudu ko daga tsakiyar ƙasa, akwai kuma Bahaushe Kirista na karkara wanda kakanninsa suka yi noma a gonar da yake nomawa yau. Baftismarsu ɗaya, bishop ɗinsu ɗaya, amma sau da yawa na birni bai taɓa kwana a gidan na ƙauye ba. Aika kuɗi ba ya cike wannan rata. Zumunta a ƙafa take. Don haka muna cewa a tafi, amma a san yadda za a shiga gari.

Ubangijinmu ya nuna mana. A Bisharar Yohanna sura 4, da ya isa bakin rijiya a ƙasar Samariya a gajiye, shi ne ya fara roƙon matar nan ruwan sha, alhali shi ke da abin da ya fi ruwan rijiya. Ya sa kansa a matsayin mai bukata, ya ba ta damar yi masa alheri, daga nan zance ya buɗe. A Luka sura 10 kuma, da ya aiki almajirai saba'in da biyu, ya hana su ɗaukar jakar kuɗi, ya umarce su su yi sallama, su zauna a gidan da aka karɓe su, su ci abin da aka ba su. Warkar da marasa lafiya ta biyo bayan wannan. Hikimar a bayyane take. Wanda ya zo da kaya niƙi-niƙi, ba ya bukatar kome daga wurinka, ya mai da kai mai miƙa hannu kawai. Wanda ya sha ruwan randarka ya ci tuwonka kuwa, ya yarda cewa kai ma kana da abin bayarwa.

Waliyi Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da ake kira Aljeriya yau, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya lura da wata cuta da ke ɓoye cikin aikin jinƙai. A wa'azinsa kan Wasiƙar Yohanna ta fari, ya gargaɗi masu bi kada su so a sami matalauta don kawai su sami wanda za su ji tausayinsa, domin mai bayarwa yakan so wanda ya ba ya zauna a ƙarƙashinsa, alhali ƙauna tana son ɗan'uwa ya zo daidai da kai. Wannan cuta ta sami sabuwar riga a zamaninmu. Saurayi ya miƙa wa tsohuwa mudun shinkafa da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana riƙe da waya, kafin magariba fuskarta ta zagaya Facebook ba da saninta ba. Shinkafar za ta ƙare cikin kwana biyu, hoton kuwa yana nan. Matiyu sura 6 ta riga ta faɗa mana cewa mai sadaka don idon mutane ya gama karɓar ladansa.

Mutanen karkara ba su jira mu ba kafin su san taimakon juna. Suna da gayya tun kaka da kakanni: a yi shela, samari su fito da fartanya da garma, a gama gonar mutum a wuni ɗaya, ya ciyar da su, gobe shi ma ya je ta wani. A gayya ba mai bara, ba kuma mai gori, domin kowa yana bin kowa bashi. Wannan ne ya kamata ya zama tsarin sansaninmu. Tun watanni kafin tafiya, a aika wakilai su zauna da Fada da katikis da dattawan wurin, su tambayi aikin da ake bukata da lokacin da ya dace. In sun ce a taya gwauruwa ciyawar shinkafa, shi ne aikin, ko da ba ya kyan hoto. In sun ce a yashe magudana a cike kududdufan da sauro ke haihuwa, tun da damina ce lokacin zazzaɓin cizon sauro, sai a yi tare da samarin garin. In sun ce a jinkirta zuwa bayan kaka, a saurare su. A tafi da isasshen hatsi a miƙa wa masu masauki, a dafa a tukunya ɗaya. Magani kuwa, kada wanda ba ma'aikacin lafiya ba ya raba shi.

Haka ɗaliban nan na birnin Paris suka yi a 1833, lokacin da Frederic Ozanam, yana ɗan shekara 20, ya kafa Ƙungiyar Waliyi Vincent de Paul tare da abokansa. Ba su dogara ga zafin ƙuruciyarsu ba. Sun je wurin Sista Rosalie Rendu, wadda ta daɗe a unguwar matalauta, ta nuna musu gidajen da za su shiga da yadda za su shiga. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya ayyana Ozanam Mai Albarka a 1997, a lokacin Taron Matasa na Duniya a wannan birni.

Akwai kuma batun maƙwabta. Mafi yawan mutanen waɗannan ƙananan hukumomi huɗu Musulmi ne, kuma 'yan'uwanmu na can suna zaune da su shekara da shekaru, rijiya ɗaya, kasuwa ɗaya. Baƙo raɓa ne, zai tafi, mai gida ne zai zauna da abin da baƙo ya shuka. Don haka a fara da gaisuwa wurin dagaci da mai unguwa da liman. Samari kada su kutsa gidan da ba a shiga, 'yan mata su yi suturar da garin ya sani, a kashe lasifika lokacin salla. Hanyar da aka gyara ta zama ta kowa. Paparoma Benedict na 16, a wasiƙarsa ta 2005 a kan ƙauna, ya koyar cewa ba a mai da aikin jinƙai tarkon jawo mutane cikin addini, kuma Kirista ya san lokacin da zai yi maganar Allah da lokacin da zai yi shiru ya bar ƙauna ta yi shaida. Ba ma ɓoye gicciyenmu, in an tambaye mu dalili sai mu faɗa. Amma alherin da aka ɗaura wa sharaɗi ya zama ciniki.

To, wa ke taimakon wa? A mako guda, masu masauki sukan ba da fiye da abin da suka karɓa, kuma ya kamata matasanmu su san haka, su yi godiya. Su ne za su ga jama'ar da Fada ba ya samun zuwa wurinsu kowace Lahadi, amma ba su fasa taruwa da katikis ba. Su ne za su san gumin da ke bayan kowane mudun masara. Bashin da suka ciwo ba ya biyuwa a wannan makon. Zai biyu ne ranar da ɗaya daga cikinsu ya zama malamin makaranta ko ma'aikacin jinya aka tura shi Doguwa bai nemi canji ba, ranar da wani ya buɗe ɗakinsa a Kano ga yaron da ya zo karatu daga Kiru, ranar da ikilisiyar birni ta koma ƙauye ɗaya shekara bayan shekara har ta san sunayen yaransa.

Saboda haka, majalisar kowace ikilisiya, kafin ta amince da kuɗin sansani, ta tambayi shugabannin matasa: mutanen can ne suka zaɓi aikin, kuma wa zai koma bayan wata shida ya duba? In amsar ta gamsar, mu buɗe hannu mu sallame su da albarka. Allah ya kiyaye hanyarsu, ya saka wa masu karɓarsu, Uwargida Maryamu wadda ta tafi ƙasar tuddai ta zauna da Alisabatu wata uku ta yi mana roƙo. Amin.