Tausayin da Ke Zaunar da Dattijo

Akwai wani ciwo da yakan kama dattawa, tun ba masu shan taba da masu ciwon sukari ba. Jijiyoyin jini na ƙafa sukan tsuke. Mutum ya taɓa tafiya, sai sharaɓa ta ɗaure. In ya tsaya kaɗan, ta sake shi.

Mu kuwa mukan ce, "Baba, zauna, a aiki yaro." Ko wannan alheri ne? Likitoci sun ce tafiyar kanta magani ce: minti 30, sau 3 a mako, yana hutawa sa'anda zafi ya tsananta. Zumunta a ƙafa take, ga shi mun raba shi da kasuwa da gaisuwar 'yan'uwa, ƙarfinsa kuma yana raguwa. Watakila rakiyar muke gudu, gama tafiya da dattijo tana cin lokaci.