Jinin Cibiya: Asusun Gida ko Rijiyar Gari?

A gidanmu, idan aka haihu, kakarmu ce ke ɗaukar mabiyiya ta wanke, ta binne a bayan ɗaki, ta zuba ruwa. Ban taɓa tunanin akwai wani abu mai daraja a cikin abin da take binnewa ba, sai da ɗan yayata na fari ya cika shekara uku yana fama da ciwon sikila, ita kuma ta samu ciki na biyu. Wata rana ta miƙo mini wayarta, ta nuna mini tallan wani kamfani da ke adana jinin cibiyar jarirai bisa kuɗi, ta ce, "Kai da ka yi boko, gaya mini gaskiya. In sayar da filina?"

Jinin da ke saura a cibiya da mabiyiya bayan haihuwa yana ɗauke da ƙwayoyin asali, irin na ɓargo, waɗanda ke haifar da sabon jini. A 1988, a birnin Faris, likita Eliane Gluckman ta dasa wa wani yaro ɗan shekara biyar mai cutar Fanconi jinin cibiyar ƙanwarsa, ya kuma rayu. Tun daga nan ake daskarar da wannan jini cikin ruwan naitirojin, a sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, ana jinyar sankarar jini da sikila da shi. Amfaninsa ba abin musu ba ne. Abin tambaya shi ne, wa za a ajiye wa?

Ajiyar iri biyu ce. Akwai ta kamfani, wadda iyaye ke biya a tsare wa ɗansu shi kaɗai, kamar asusu. Akwai kuma ta jama'a, irin wadda aka fara a New York a farkon shekarun 1990, inda uwa ke bayarwa kyauta, duk majinyacin da jinin ya dace da shi ya amfana, kamar rijiyar waƙafi.

Da na bincika, sai na tarar asusun bai kai yadda ake kururuta shi ba. Yaron da aka haifa da sikila, jinin cibiyarsa ma na sikila ne, mayar masa da shi ba zai warkar da shi ba. Jinin kuma kaɗan ne, sau da yawa ba ya isar babban mutum. Akasarin iyalai lafiyayyu za su yi ta biyan kuɗin shekara a kan abin da ba za su taɓa buɗewa ba. Shi ya sa Faransa da Italiya suka hana irin wannan ciniki, in ba da dalilin jinya ba. A ganina, tallar da ke shiga ta ƙofar tsoron mai ciki ba ta cika adalci ba, ko da ba ta faɗi ƙarya ba.

Sai dai lamarin yayata daban ne, domin tana da majinyaci a hannu. Ita da mijinta duk AS ne. Damar jaririn ya tsira daga sikila uku ce cikin huɗu, damar jininsa ya dace da na wansa ɗaya cikin huɗu. Idan aka haɗa, uku ke nan cikin goma sha shida. Ga kuma kuɗin dashen kansa, wanda ya ninka na ajiya nesa ba kusa ba. Na zayyana mata wannan lissafi a takarda, ta daɗe tana kallonsa.

Akwai kuma mai haƙƙin da ba ya magana, wato jaririn. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a jinkirta ɗaure cibiya aƙalla minti ɗaya, domin jinin ya gangara jikinsa ya kare shi daga ƙarancin jini. Bai dace a yi gaggawar ɗaure ta don cika jaka ba. Nasa ne da farko, abin da ya rage shi ne na bayarwa.

Wani zai ce a ƙasar da wuta ke ɗaukewa ana tsakiyar tiyata, maganar rumbun jinin cibiya mafarki ne, gwajin jini kafin aure ya fi araha. Na yarda rigakafi ya fi magani. Amma rigakafi ba ya amfanar yaron da an riga an haife shi, kuma tun 2011 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Benin suka yi dashen ɓargo ga mai sikila a nan gida. Idan za mu gina rumbu, to ya zama na kowa, da ɗan mai fili da ɗan wanda ba shi da ko taki.

Yayata ba ta sayar da filin ba tukuna. Ta ce za ta kai takardar wurin likitan yaron. Haihuwarta saura wata biyu, kakarmu kuma ta riga ta nuna inda za ta haƙa.